Maharbin da Ya Ajiye Dafi

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za a mayar da mu, mun shirya ko ba mu shirya ba. Baba ya rasu ranar Laraba da hantsi, lokacin da ruwan fadama ya fara ja da baya, shinkafa ta fara nuna. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Maharba suka zo daga ƙauyuka huɗu, suka zauna gefe guda a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu, kowa ya kwance tsirkiyar bakansa ya ajiye a ƙasa. Babbansu, wanda ya fi kowa yi wa Baba dariya yana da rai, shi ya fi kowa kuka, har sai da aka janye shi. Bulama, mai garinmu, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, can ya ce, "Yau an daina sallama da nama a ƙofata." Wata tsohuwa makauniya da ke zaune a bakin mafita, inda jirgin fito ke tsayawa, ta lalubo hanya da sandarta, ta tsaya a zaure tana tambaya ko da gaske ne. Da aka ce mata da gaske ne, sai ta zauna a ƙasa ta ce, "To, ni kuma na ci naman ƙarshe ke nan." Inna ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin ɗakinta tana kallon ƙofar shigowa, kowa kuma ya san wadda take jira.

Da aka jera sahu, liman ya ce duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa. Ni ne ɗansa na fari, sai na miƙe na ƙara da bakina: "Jama'a, ku yafe wa Baba, har da abin nan da kuka sani." Aka amsa, "Mun yafe." Amma ina ganin idanun mutane suna tsallake gulbi, suna duban hayin da Goggo take aure. Ita kaɗai ce ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ita kaɗai ya yi ta kira a ciwonsa, ita kaɗai kuma ba ta zo ba. Shekara ashirin da uku ke nan rabonta da gidanmu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne jikokinsa. Za su tashi su ji rabin labari a bakin mutane, rabin labari kuwa ya fi rashinsa muni. Ni ma da rabin na rayu har na yi furfura.

Baba maharbi ne, ɗan maharbi. Barewa da gada yake harbi, wani lokaci mariya, in ruwa ya koro su kan tudu. Amma ba ya cikin masu tafiya dawa su yi wata. Yakan ce, "In na daina jin dakan matan garinmu, na yi nisa." Tsakanin goribar bayan gari da mashayar da ke gindin kanya, nan ya ƙare rayuwarsa, ya san kowane sawu kamar yadda nake sanin baƙaƙen allona. Bai taɓa kiran sunana ba, saboda kunyar ɗan fari. Tun da aka kai ni karatu cikin birnin Haɗeja na dawo da rawani, sai ya laƙaba mini Malam, kuma a bakinsa kalmar nan tsokana ce zalla. In baƙo ya tambaye shi ko ina harbi, sai ya ce, "An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wanda ya faɗi haka bai zo gidana ba."

Sau ɗaya tak ya tafi da ni, lokacin har na yi aure. Ya ɗaura kan burtu a goshi, wato kan baƙin tsuntsun nan da maharba ke busarwa, ya yafa baƙin zane, ya shiga ciyawa da rarrafe yana sara ƙasa kamar tsuntsun na kiwo. Ni kuma ya zaunar da ni a inda iska ba za ta kai warina ba, ya ce in zama kututture. Barewa uku suka sauko mashaya. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka kusa da ni ba, ban san lokacin da na ce "Tabarakallah" da ƙarfi ba. Kafin in rufe baki sun ɓace. Baba ya miƙe a hankali, burtu na lilo a goshinsa, ya dube ni ya ce, "Malam, ka yi musu wa'azi sun tuba, sun tafi. Mu ma sai mu tafi." Ranar miyar kuka muka sha, kuma sai da ya ba kowa labarin har da mai fito.

In ya samu kuwa, tun daga bayan danga za ka ji muryarsa, "A ɗora ruwa!" Gida ya kacame. Ya feɗe a gindin rumbu, ya kasa da hannunsa, ba ya barin kowa ya taɓa. Ƙafar gaba ta Bulama ce, hanta ta tsofaffin unguwa, wuya na wanda ya taya shi ɗauka, cinya ɗaya kuma ta Goggo. Wannan tun kakanni haka yake a gidanmu: 'yar'uwar maharbi ita ke da cinya, ko tana aure a bangon duniya. Abin da ya rage shi ne namu, wani lokaci ƙashi ya fi tsoka yawa. Inna ta yi mita, ya ce, "Wanda ya ci naman dawa shi kaɗai, sata ya yi wa daji." Bayan la'asar kuma sai ya sake ɗaura burtun a tsakar gida, ya maimaita mana farautar daga farko, shi ne maharbin, shi ne barewar, shi ne iskar da ta kusa tona masa asiri. Mata su yi dariya har su riƙe ciki. Lokacin Goggo takan hayo da kanta ta karɓi kasonta, ita ce ma mai gyara masa labari: "Yaya, wancan karon ka ce ƙahonta kamu ɗaya ne, yau ya zama biyu." Ya ce, "Auta, girma ta yi."

Mun taɓa saɓawa da shi a kan dafi. Maharban ƙasarmu da kwankwani suke shafe kibiya, a dafa shi a bayan gari inda mata da yara ba sa zuwa. Ina sabon dawowa daga birni, karatu na yi mini zafi a kai, na ce masa dabbar da dafi ya kashe mushe ce. Ya ajiye wuƙar hannunsa ya ce, "Na taɓa kawo maka wadda ban cim mata da rai na yanka ba?" Na ce a'a. Ya ce, "To, zo ka ga sauran." Ya nuna mini yadda ake yanke naman da ke kewaye da bakin kibiya, a zagaye shi da wuƙa a ƙwaƙule, kamar cikin tafin hannu, don nan dafin yake taruwa. Wannan yankin ba a ba kare, ba a jefar wa ungulu. Da kansa yake haƙa rami a bayan danga, a gindin aduwa, ya binne, ya tattake, ya ɗora ƙaya. Ya ce, "Ka ga wannan? Shi ne karatuna. In na yi kuskuren baƙi ɗaya, ba bulala ake yi mini ba, gawa ake ɗauka."

Sai shekarar yunwa ta zo. Fara ta cinye gero tun yana ɗanye, ruwa kuma ya ƙi cika fadama, babu shinkafa, babu kifi. Mutane suka koma kan bado da goriba da tafasa. Namun daji suka yi nisa. Baba ya yi kwana goma sha ɗaya yana fita yana dawowa hannu rabbana, a na sha biyu ya samu barewa ɗaya, ramammiya. Kafin ya gama fiɗa gida goma sha ɗaya sun tsaya a ƙofarmu da ƙwarya. Ranar ne kaɗai na ga ya karya al'ada: cinyar Goggo ma sai da ya raba ta uku. Ta zo da ɗanta a goye, yaro ɗan shekara huɗu da yunwa ta mayar da shi goyo. Ta karɓi abin da aka ba ta, ta dube shi. Bayan an watse ta haye.

Washegari da safe muka ji kururuwa daga hayi. Yaron ya yi ta amai, jikinsa ya yi sanyi, ya cika. Da muka isa, Goggo na birgima a tsakar gida, mijinta da danginsa sun kewaye ta suna tambaya me yaron ya ci. Tana ɗaga ido ta ga Baba, sai ta nuna shi ta ce, "Naman Yaya ne! Yaya ya kashe mini ɗa!" Na dubi Baba ina jira ya ce gida goma sha ɗaya sun ci naman nan ba wanda ya yi ko ciwon kai. Bai ce ba. Ya sunkuyar da kai, ya juya, muka dawo.

Mutane suka yanke nasu hukuncin: yunwa ta sa ya ji tausayin nama, bai zagaye bakin kibiya da faɗi ba, kason Goggo kuma shi ne na kusa da wurin. Ni ma abin da na ɗauka ke nan, ba zan ɓoye ba. Na taɓa zama kusa da shi na ce, "Baba, kuskure ne, Allah ba ya kama bawa da kuskure." Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Haka ne, Malam." Na tashi ina jin na yi abin kirki.

Daga ranar bai sake taɓa dafi ba. Ya fasa tukunyar, ya kankare kibansa har suka yi fari. Wanda bai san harbi ba zai ce ƙaramin abu ne. Kibiya mai dafi ko a cinya ta samu dabba, ka bi ta kaɗan ka same ta kwance. Kibiya tsura kuwa sai ka matsa har kana jin numfashinta, in kuma ba ka samu ƙirji ba, ka wuni kana bin jini cikin taɓo da ƙaya. Haka ya yi shekara ashirin da uku. Gwiwoyinsa suka kumbura saboda rarrafe, tafin hannunsa ya zama kamar ƙirgi. Abin da yake samu sau biyar da can, ya koma sau ɗaya. Da za a naɗa sarkin baka, kowa ya san shi ya cancanta, aka tsallake shi, aka ce ba a ba mai jinin yaro a hannu. A bakin rijiya mata su yi shiru in Inna ta iso. Ƙanwata sai da aka fasa aurenta sau ɗaya saboda maganar nan.

Cinya kuwa bai daina aikawa ba, ni ne kuma ɗan aiken. In haye gulbi, in yi sallama, in ajiye ƙwarya a zaure. Ba ta fitowa. Can a turo mini ƙwaryar yadda na kawo ta, ko faifan ba a ɗaga ba. In dawo, Baba ya ce, "Kai wa makauniyar bakin mafita." Bai taɓa barin cinyar nan ta shiga tukunyarmu ba, ko da kuwa ranar ba mu da cefane. Na tsani hanyar nan, na tsani zauren nan, na tsani Goggo, ina faɗa a fili. Wata rana na gaji na ce, "Baba, zumunci a ƙafa yake, amma ƙafa ɗaya ba ta tafiya. Ka bar matar nan." Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ya ce, "Matar nan? Ni na goya ta ranar da aka binne uwarmu. In ka gaji ka faɗa, in ɗauka da kaina." Na ci gaba da kai ƙwaryar.

Farautar tsakar gida kuma ta mutu. Jikokinsa ba su taɓa ganinsa da burtu a cikin gida ba. In sun roƙe shi labari, sai ya ce, "Na je, na samu, na dawo."

Ciwon ajalinsa bai yi tsawo ba, kwana tara ne. Sau uku ya aike ni hayi. Na farko aka ce ba ta nan. Na biyu aka ce ba ta da lafiya. Na uku na tsaya a bayan dangarta na ɗaga murya na ce, "Goggo, ɗan'uwanki zai mutu, gafararki yake nema. Ko dutse ne a ƙirjinki ai ya ci a ce ya dahu." Na ji motsi a ciki, na ji kamar ana kuka, amma ba a amsa ba. Da na dawo ya tambaye ni da ido, na girgiza kai. Ya ce, "Ba komai. Tsoro take ji." Na ɗauka zafin ciwo ne ke magana.

Ranar sadakar bakwai, bayan la'asar, mutane sun fara raguwa, sai ga ta. Ban gane ta da farko ba, ta tsufa fiye da shekarunta, ta rame. Ba ta shiga wurin mata ba. Ta ce in biyo ta, ta zagaya bayan danga, ta tsaya a gindin aduwa. Ina ta tattara maganganun da na shekara ina tanada mata, sai ta riga ni.

"Nan ne," in ji ta. "Nan ya binne."

Na ce, "Me?"

"Bakin kibiya. Ranar nan ina tsaye ina kallonsa ya haƙa, ya binne, ya ɗora ƙaya. Ya yanke shi da faɗi kamar kullum, har ina cewa a raina, wannan uban nama za a ba ƙasa, ɗana na mutuwa? Da kuka shiga gida na dawo na janye ƙayar, na tone da hannuna. Na wanke shi sau uku. Na ce ruwa ya tafi da dafin. Na dafa masa shi kaɗai, ko ɗanɗanawa ban yi ba, don ya ƙoshi." Sannan ta ce, "Ya cinye, har ya yi mini dariya."

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Baba bai sani ba?"

"Ya sani tun kafin ku haye. Da safe ya ga ramin a buɗe, ya ga sawun yatsu, ba na kare ba. Da na ga dangin mijina a kaina, na san in na faɗi gaskiya ba zan kwana a gidan ba, ba kuma wanda zai sake kallona a matsayin uwa. Sai bakina ya faɗa kan wanda na san ba zai rama ba. Bayan kwana uku ya zo bayan dangata, inda ka tsaya rannan, ya ce, 'Auta, na cike ramin, na tattake. Ki bar shi a kaina, wuyana ya fi naki ƙarfi.' Shi ke nan abin da ya faɗa."

Na ce, "To naman fa? Shekara ashirin da uku kina mayar masa da ƙwarya!"

Ta ce, "In na karɓa, mutane su ce na yafe masa. In yafe masa me? Kuma tun daga ranar nama bai sake shiga bakina ba, ko na layya. Da ya aiko ka, ba gafarata yake nema ba. So yake ya ce mini ya yafe. Ni kuwa na kasa zuwa in tsaya a gabansa in ji."

Ko naman ne ya kashe yaron, ko yunwar da ta riga ta cinye shi, Allah ne masani. Ita dai ba ta jira shawarata ba. Ta wuce ni ta shiga tsakar gida, inda mata suke zaune kewaye da Inna, ta durƙusa, ta maimaita duk abin da ta faɗa mini, da ƙarfi, yadda har na zaure suka ji. Ta ce, "Yaya ya tafi. Ke kika rage. Ki yafe mini."

Inna ta daɗe tana kallonta. Ita ma ba ta sani ba, shekara ashirin da uku tana kwana ɗaki ɗaya da mutumin bai gaya mata ba. Sai a lokacin na ga hawayenta, tun ranar rasuwar. Ta ce, "Shi ya yafe miki, wannan tsakaninku ne, ciki ɗaya kuka fito. Ni kuwa ki bar ni in gama takaba tukuna. Ba zan yi miki ƙarya a kan tabarmar mijina ba." Ta juya ta ce wa ƙanwata, "Ba goggonki ruwa, ta sha hanya."

Kafin magariba labari ya zaga gari. Washegari maharba suka dawo, babbansu ya ce a kai shi kabari, ya tsuguna ya yi ta magana da ƙasa. Mutanen da suka ce "mun yafe" a wurin jana'iza suna haɗuwa da ni a hanya su sunkuyar da kai.

Su suna da uzuri, nesa suke. Ni a gidansa na tashi. Ni ya kama wa hannu ya nuna yadda yake zagaye bakin kibiya, na ga faɗin yankansa da idona, na ga ƙayar da yake ɗorawa. Duk da haka da aka ce ya yi ganganci, ban yi gardama ko ta yini ɗaya ba. Na zauna kusa da shi da rawanina ina ba shi haƙuri a kan laifin da bai yi ba, ya ce mini haka ne. Sannan na miƙe a kan gawarsa, a gaban gari duka, na roƙa masa gafarar kisan kai. Wannan shi ne abin da ke hana ni cin abinci, kuma da na sani ƙeya ce.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa wahalar gwiwoyin nan ta zama masa nauyi a mizani. Allah ya sanyaya zuciyar Inna, ya sauke wa Goggo abin da ta ɗauka. Ita ko ba komai tana da ƙofar da za ta koma ta durƙusa bayan wata huɗu da kwana goma. Ni wanda zan roƙa na riga na zuba masa ƙasa da hannuna.